Daga Marakesh zuwa Fas: wace hanya ce ta fi dacewa da matafiyi?

Duk wanda ya je Maroko hutu ko ziyara, da wuya ya komo gida bai taka birane biyu ba, wato Marakesh da Fas. Tafiyar da ke tsakaninsu ta yi kusa da ta Yamai zuwa Tawa. Jirgin ƙasa da kar da taksi da motar haya da jirgin sama, har da zagayen hamada na kwana uku, duk suna kai mutum. Sai dai ba kowace hanya ce ta dace da aljihu da ƙarfin jikin kowa ba.

A shekarar 2024 baƙi miliyan 17 da dubu 400 ne suka shiga Maroko yawon buɗe ido. Mutanenmu ma ba a bar su a baya ba. Akwai ƴan kasuwa masu saro jallabiya da takalma da kayan fata, akwai ma'aikatan gwamnati da ke zuwa cin hutunsu na shekara, akwai iyayen da ke duba ƴaƴansu masu karatu a can, ga kuma ƴan'uwa Tijjanawa da ke zuwa ziyara. Mai kwana 10 a hannunsa da guzurin da ya daɗe yana tarawa ba ya son ya ɓatar da yini biyu a tasha, balle idan ya ɗauko mahaifinsa ko mahaifiyarsa masu shekaru. Saboda haka zaɓen hanya ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma tun daga gida ya kamata a yanke shawararsa.

Abin da ke jan mutane

Marakesh, wanda ake yi wa laƙabi da jan birni saboda launin ganuwarsa da gidajensa, Murabiɗun ne suka kafa shi wajen shekarar 1070. A can ne hasumiyar masallacin Kutubiyya take, mai tsawon mita 77, da dandalin Jami'ul Fana inda masu abinci da makaɗa da masu tatsuniya ke cika da zarar rana ta faɗi. Fas kuwa birni ne na malamai da masu sana'ar hannu. A cikinsa ne wata baiwar Allah mai suna Faɗima al-Fihriyya ta gina masallacin Ƙarawiyyin a shekarar 859, kuma ba nisa da shi zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka binne shi bayan rasuwarsa a 1815. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Fas cikin kayan tarihin duniya a 1981, na Marakesh kuma a 1985.

Idan aka dubi taswira za a ga Marakesh na kudu, Fas na arewa maso gabas, duwatsun Atlas kuma sun gitta a tsakani. Wannan ne ya sa layin dogo da babbar hanyar mota duk suka kauce wa duwatsun, suka yi yamma zuwa gaɓar teku, suka ratsa Kazablanka da Rabat, sannan suka karkata gabas. Ta wannan zagaye tafiyar ta kai kilomita 530. Hanyar da ta miƙe ta gindin duwatsu ba ta wuce kilomita 480 ba, amma lanƙwasa da hawa da ratsa garuruwa sun cinye ribar gajartar. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci dalilin da ya sa hanyar da ta fi tsawo ita ce ta fi sauri.

Jirgin ƙasa

Ga yawancin matafiya, jirgin ƙasa ne ya fi sauƙi. Hukumar ONCF, wadda aka kafa a 1963, ita ke tafiyar da shi, kuma jiragen da ke bin wannan layi ana kiransu Al Atlas. Marakesh ce ƙarshen layin dogo ta kudu, don haka jirgi daga nan yake tashi babu kowa a ciki, mutum ya shiga ya jera kayansa cikin natsuwa. Tun kafin asuba jirage ke fara tashi, kusan kowace awa biyu har yamma. Mutum bai bukatar ya sauya jirgi a hanya. Za a tsaya a Kazablanka da Rabat da Kenitira da Sidi Ƙasim da Miknas, a isa Fas bayan awa 6 da rabi zuwa 7.

Daraja biyu ce a cikin jirgin. A ta farko mutum 6 ne a ɗaki, a ta biyu mutum 8. Tikitin yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera, kuma kuɗinsa na hawa da sauka: wanda ya saya da wuri ya fi samun rangwame. A ƴan shekarun nan daraja ta biyu tana kewayen dirhami 200, ta farko kuma kewayen 300. Da yake dirhami guda ya kusa sefa 60, lissafin ya kama jika 12 da jika 18 ke nan. Bambancin jika 6 a tafiyar awa 7 bai kai a takura wa tsoho saboda shi ba. Ana sayen tikiti a tasha ko ta intanet, ana yin shela da Larabci da Faransanci, ga mai tura kwandon shayi da burodi yana kai da kawowa, ga kuma ban-ɗaki a kowane tarago, abin da mai ciwon suga ko mai tafiya da yara ya san darajarsa.

Akwai wurare biyu da baƙo ke ruɗewa. Na farko, manyan biranen suna da tasha fiye da ɗaya. A Kazablanka tashar da ake kira Casa-Voyageurs ce mahaɗar jirage, ita ce kuma jirgin da ke fitowa daga filin jirgin sama yake bi. Rabat ma tana da tasha fiye da ɗaya, haka ma Miknas. Sai a karanta sunan da ke kan tikiti kafin a sauke kaya. Na biyu, mutane da yawa sun ji labarin Al Boraq, jirgin nan mai gudun kilomita 320 a awa da aka buɗe a watan Nuwamba na 2018, sai su ɗauka shi zai kai su. Al Boraq tsakanin Tanja da Kazablanka yake aiki, bai zuwa Fas. A watan Afrilu na 2025 ne Sarki Muhammadu na 6 ya ƙaddamar da aikin miƙa layin daga Kenitira zuwa Marakesh, tsawon kilomita 430, da nufin a gama kafin gasar cin kofin duniya ta 2030 wadda Maroko za ta karɓa tare da Sifen da Fotugal. Idan aka gama, rabin tafiyar zai ragu ƙwarai.

Lokacin da jirgin ƙasa ke ba da wahala shi ne kwanakin sallar layya da hutun watannin Yuli da Agusta, sa'ad da ƴan ƙasa ke komawa garuruwansu. A irin waɗannan ranaku wanda bai sayi tikiti da kwanaki ba yana iya kwana a inda bai yi niyya ba.

Kar

Wanda ya saba da kar ɗin Yamai zuwa Damagaram ba zai ga baƙon abu ba a nan. Kamfanoni biyu ne suka fi suna: CTM, wanda ya soma aiki tun 1919, da Supratours, wanda reshe ne na hukumar jirgin ƙasa. Motocinsu na da sanyi, kujera da lamba, ana kuma tashi kan lokaci. A CTM ana auna kaya a ba mutum takarda bayan ya biya ɗan kuɗi kaɗan, abin da ke kwantar da hankalin ɗan kasuwa mai jakunkuna. CTM yana da tashoshinsa na kansa a biranen biyu, dabam da babbar tashar mota inda ƙananan kamfanoni suke da ƴan kamasho masu kiran fasinja. Motocin babbar tasha sun fi araha, amma suna tsayawa duk inda aka ɗaga hannu.

Tafiyar kar tana cin awa 8 zuwa 10, gwargwadon hanyar da aka bi, kuma kuɗinta bai yi ƙasa da na daraja ta biyu a jirgin ƙasa da wani abin kirki ba. Amfaninta biyu ne. Akwai motocin dare, waɗanda ke rage wa mutum kuɗin otel na kwana ɗaya. Sannan motar da ta bi ta cikin ƙasa tana nuna wa matafiyi abin da jirgin ƙasa ba ya nunawa: gonakin zaitun da lemo na Bani Mallal, jajayen tuddan Kenifra, dajin manyan itatuwa na Azru inda birai ke zama a bakin hanya, da garin Ifran mai rufin gidaje irin na Turai, wanda ke bisa tsaunin da ya haura mita 1,600. A Ifran ne aka auna sanyin da ya kusa digiri 24 ƙasa da sifiri a watan Fabrairu na 1935. Wannan ya isa gargaɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙanƙara na sauka a wannan yanki, har hukuma kan rufe hanya sai an share. Wanda ya fito daga Maraɗi da riga da ƴar shara, ya nemi bargo da rigar sanyi kafin ya hau.

Taksi, babba da ƙarami

Taksi iri biyu ne a Maroko, kuma rashin sanin bambancinsu na jawo gardama. Ƙaramin taksi na cikin gari ne kawai, mutum 3 yake ɗauka, yana da na'urar lissafin kuɗi, doka kuma ta hana shi fita bayan gari. A Fas launinsa ja ne, a Marakesh ruwan ƙasa. Babban taksi shi ke shiga tsakanin garuruwa da fasinja 6. A da tsofaffin Marsandi ne, biyu a gaba huɗu a baya; yanzu an sauya yawancinsu da sababbin motoci masu kujeru jere uku.

Babban taksi ba ya tashi sai ya cika, kuma kowanne yana da zangonsa. Mai son zuwa Fas da shi sai ya yi ta sauka yana hawa: Marakesh zuwa Bani Mallal, daga nan Kenifra, daga nan Azru, sannan Fas. A kowane zango akwai jira, akwai sauke kaya da ɗora kaya. Saurayi mai jaka ɗaya da ke jin Larabci zai iya jin daɗin wannan, amma ba tafiyar iyali ba ce. Ana iya yin shatar motar gaba ɗaya, sai dai direban zai lissafa har da komowarsa babu fasinja. Wanda ya zaɓi haka, ya gama ciniki kafin a ɗora kaya, a kuma faɗi ƙofar da za a sauke shi.

Motar haya da jirgin sama

Mutum 4 ko 5 da ke tafiya tare suna iya hayar mota su tuƙa da kansu. Ana tuƙi ta hannun dama kamar a nan gida. Babbar hanyar da ake biyan kuɗin bi ta haɗa biranen biyu tun da aka gama ɓangaren Marakesh a 2007, iyakar gudu a kanta kilomita 120 ne a awa, kuma cikin awa 5 da rabi zuwa 6 an isa. Kafin a yi murna da arahar kuɗin yini, sai a haɗa da na mai da na hanya, da kuɗin ajiya da kamfani ke riƙewa ta katin banki, da ƙarin da ake biya idan an ɗauki mota a wani gari aka mayar a wani. Jandarmomi na tsayawa da na'urar auna gudu a mashigar garuruwa, wanda aka kama kuwa zai biya tara a ba shi rasit. Bayan haka kuma, mota ba ta da amfani a cikin tsohon garin Fas, domin ba ta shiga.

Jirgin sama awa guda yake yi idan na kai tsaye ne. Amma irin wannan ba kullum yake tashi ba, jadawalinsa kuma na sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Wanda ya biya ta Kazablanka, da jiran sauyin jirgi, yana iya cin lokacin da ya kai na jirgin ƙasa. A ƙara da zuwa filin jirgi awa biyu kafin tashi, da kilomita 15 da ke tsakanin filin jirgin Fas da gari, da kuɗin kaya da kamfanoni masu araha ke karɓa a kan kowace jaka. Ga ma'aikacin da ke da taro gobe da safe da ƴar jakar hannu, jirgin sama ya yi. Ga mai kaya, sauri ya haifi nawa.

Zagayen hamada

A kowane lungu na Marakesh akwai ofisoshin da ke tallan tafiya zuwa Fas ta hamada, kwana 3 da dare 2. Ana haye duwatsu ta mashigin Tizin Tishka mai tsawon mita 2,260, a ga tsohon garin ƙasa na Ait Bin Haddu, a wuce Warzazat da kwazazzaban Dades da Tudga, a kwana cikin tanti a tuddan rairayi na Marzuga bayan an hau raƙumi. Rana ta uku a yi arewa ta kwarin Ziz da Midalt da Ifran. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, wato ninkin hanyar teku, kuma ranar ƙarshe kaɗai ana yin awa 7 zuwa 8 a zaune cikin ƙaramar mota.

An tsara wannan zagaye ne domin Bature wanda bai taɓa ganin raƙumi ba. Mutumin da ya san Tenere, ko wanda ya taɓa bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ba zai biya kuɗi mai yawa don a nuna masa rairayi ba. Amma akwai abu guda a wannan hanya da ya shafe mu. Kusa da garin Risani, dab da Marzuga, kangon Sijilmasa yake, birnin da ayarin Sahara ke tashi daga cikinsa. Daga nan Ibnu Baɗuɗa ya tashi a 1352 zuwa daular Mali. A kan hanyarsa ta komawa ya zauna a Takadda, wadda masana ke dangantawa da Azelik ta yankin Ingal, ya kuma ba da labarin tagullar da ake kaiwa daga can zuwa Gobir da Barno. Ya bar Takadda a watan Satumba na 1353, ya ratsa Abzin, bai isa Fas ba sai farkon 1354. Mai sha'awar tarihi da ke da kwanaki da lafiyar baya zai ga ƙarshen hanyar da kakanninmu suka san farkonta. Wanda zai je, ya tambaya tun kafin ya biya: mutum nawa ne a motar, ina za a kwana, abinci na cikin kuɗin ko babu. A watannin Yuli da Agusta kuwa zafin wurin ya fi ƙarfin tsoho da yaro.

Isowa ba ita ce ƙarshen tafiya ba

Tashar jirgin ƙasa ta Fas tana cikin sabon gari ne. Daga nan sai ƙaramin taksi ya kai mutum ɗaya daga ƙofofin tsohon gari, ya sauke shi. Abin da ya rage tafiyar ƙafa ce cikin lunguna masu hawa da gangara, inda jakuna da alfadarai da masu turin baro ke ɗaukar kaya. Mai zuwa zawiyar Shehu Tijjani ko Ƙarawiyyin zai rage wa kansa tafiya idan ya ce a kai shi dandalin Rasif maimakon Bab Bujulud, wadda ke can saman gari. Yana da kyau mai masauki ya turo wanda zai tarbi baƙo a ƙofa, kuma ya fi kyau a isa da sauran rana. Wannan ne ya sa jirgin safe ya fi na yamma: wanda ya bar Marakesh da hantsi zai yi la'asar a Fas.

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. A cikin jirgi da bakin tasha akan haɗu da masu fara'a da za su ce otel ɗin da mutum ya kama an rufe shi, su kuma sun san wani. Ƴan rakiyar da hukuma ta yarda da su suna ɗauke da katin shaida. Game da kuɗi, sefa ba ta da saurin karɓuwa a wuraren canji, gara a riƙo yuro daga gida. Mai tafiya da azumi kuma ya daidaita agogonsa da na tasha, domin a 2018 Maroko ta tsayar da agogonta daidai da namu, amma ta riƙa mayar da shi baya da awa guda a watan Ramadan.

Yadda za a tsara

Tun da a Kazablanka jirgin saman Yamai ke sauka, tsarin da ya fi dacewa shi ne a yi zagaye mai kusurwa uku. Daga Kazablanka zuwa Marakesh kimanin awa 3 a jirgin ƙasa, daga Marakesh zuwa Fas kimanin awa 7, daga Fas a komo Kazablanka kimanin awa 4. Ɗan kasuwa ya fara da Marakesh hannu sake, ya ga kaya ya ji farashi, ya sayi na fata da jallabiya a Fas, ya bar sari mai nauyi sai kasuwar Darb Umar ta Kazablanka, kusa da ranar tashi. Ta haka ba zai yi ta jan kaya daga tasha zuwa tasha ba. Wanda ke tare da tsoho kuma yana iya raba doguwar tafiyar biyu, ya kwana a Rabat, washegari ya ƙarasa.

Mai karatu zai lura cewa abin da ya sa wannan lissafi ya yiwu shi ne matafiyi na iya sanin ranar tashi da sa'ar isa tun yana gidansa. Baƙo na zuwa inda zai iya ƙidaya awoyinsa. Mu ma muna da Damagaram da fadarta da unguwar Birni, muna da Agadas wadda UNESCO ta karrama a 2013. Layin dogon Yamai zuwa Doso kuwa, mai kimanin kilomita 140, an yi bikin buɗe shi a 2016, amma bai zama hanyar fasinja ba. Ma'aikacin da ya zauna awa 7 a jirgin Al Atlas yana da isasshen lokacin yin tunani a kan wannan.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.